KAFIN KA MIƘA WA ’YAN FIM LABARINKA

Akwai wani kuka da ya daɗe yana fitowa daga bakin marubutanmu, wanda kusan duk inda aka zauna taron marubuta sai ka ji wani ya tayar da shi, wato kukan “an sace mini labari.” Mutum zai ce ya kwana ya yini yana rubutu, ya kai wa wani furodusa domin ya duba, aka ce masa ya je za a neme shi, shiru-shiru har ya fitar da rai, kwatsam wata rana yana zaune sai ya ga tallar wani fim, ya ga labarinsa ne tsaf, an dai sauya sunayen taurari da sunan gari, an kuma liƙa sunan wani a matsayin wanda ya rubuta. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na musun cewa hakan na faruwa. Abin da nake so mu duba shi ne, a mafi yawan lokuta idan ka tsananta tambaya, ka ce wa mai kukan, “To ina shaidarka?” sai ka tarar babu komai a hannunsa ban da rantsuwa. Da baki ya ba da labarin a wani ofis, ko a cikin mota, ko kuwa littafin da ya rubuta da biro ya miƙa sukutum, bai ma ajiye kwafi ba. A ganina wannan shi ne tushen matsalar, ya ma fi rashin imanin masu satar muhimmanci, domin shi ɓarawo ba mu da ikon gyara zuciyarsa, amma muna da ikon kulle ƙofarmu.

Tun da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, adabin kasuwar Kano da harkar fim suke tafiya tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. A shekarun 1990 an mayar da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu zuwa fim. Amma ka lura, waɗannan littattafai ne da aka riga aka buga, suna kasuwa, da sunan mai su a bango, duniya ta shaida. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai rubutun da bai fito ba, wanda daga shi sai Allah sai wanda ya miƙa wa suka san da shi. Kuma rubutun fim haka yake, ba a buga shi a sayar, dole sai ka nuna wa mai kuɗi kafin ya zama wani abu.

To me doka ta ce? A nan akwai wata gurguwar fahimta da ta yi yawa a tsakaninmu, cewa wai sai ka yi wa aikinka rajista sannan yake zama naka. Ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, ta kuma fayyace cewa ba a buƙatar cika wata ƙa’ida ta rajista kafin mutum ya mallaki abin da ya ƙirƙira. Da zarar ka zauna ka rubuta labarinka da basirarka, a takarda ne ko a kwamfuta ko a waya, ya zama naka, kuma rubutun fim da na wasan kwaikwayo suna cikin ayyukan adabi da dokar ta ambata. Haƙƙin yana nan muddin ranka, sannan magadanka su ci gaba da cin moriyarsa har shekara 70 bayan rasuwarka. Wannan tsari ya samo asali ne daga Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, shi ya sa rubutun da aka yi a Gusau yake da kariya a Faransa ko Indiya ba tare da an je can an cika wata takarda ba.

Sai dai akwai wani rami a nan, kuma cikinsa mafi yawanmu muke faɗawa. Dokar tana kare abin da ka rubuta ne, da yadda ka tsara shi, ba ta kare tunanin da ke cikin kanka. Idan ka ce kana da labarin ’yar attajiri da ta kamu da son direban gidansu, uban ya ce sam, wannan ba mallakin kowa ba ne, an yi shi sau ɗari kafin a haife ka, za kuma a sake yi. Kishiya, auren dole, maraya a hannun matar uba, rikicin gado, duk gonar gandu ce, kowa na iya shiga ya yi noma. Abin da yake naka shi ne su waye mutanen, me ya faru bayan me, wace magana aka faɗa a wace fitowa, ina labarin ya karkata, yaya aka warware ƙullin. Saboda haka wanda ya zauna a ofishin furodusa ya zayyana masa labari da baki na tsawon minti ashirin, ya tashi ya tafi, kyauta ya bayar, ko ya sani ko bai sani ba. Hatta sunan fim shi kaɗai, galibi dokar haƙƙin mallaka ba ta kare shi.

Wannan ne ya sa nake ganin kariya ta farko ita ce ka gama rubutun. Kada ɗokin a san ka ya sa ka fita talla da ɗanyen kaya. Rubutu mai shafi tamanin, da fitowa-fitowa da maganganu, idan aka ɗauka za a iya ajiye shi gefe da gefe da fim ɗin a ƙirga wuraren da suka yi kama. Taƙaitaccen labari mai shafi guda kuwa, ko alƙalin da ya fi kowa tausayi sai ya rasa abin da zai kama.

Bari in kawo misali daga ƙasar da muka fi kallon finafinanta. A Indiya marubutan fim suna da ƙungiya tun 1954, wadda a da ake kira Film Writers’ Association, yanzu kuma Screenwriters Association, kuma babban aikinta shi ne yi wa rubutun mambobinta rajista da kwanan wata, da sasanta rikici idan ya taso. Wata marubuciya mai suna Jyoti Kapoor ta yi wa wani rubutunta mai suna RSVP rajista a wannan ƙungiya a 2010. A 2013 ta aika wa darakta Kunal Kohli da shi, wanda masu kallon Indiya suka sani da Hum Tum da Fanaa. Ciniki bai faɗa ba, kowa ya kama gabansa. Daga baya sai ta ji labarin yana shirya wani fim mai suna Phir Se, ta ga kamannin ya yi yawa. Ta kai ƙara ƙungiya, magana ta wuce zuwa kotu, har ta dangana da Kotun Ƙolin Indiya, inda a 2015 aka ƙare a kan ya biya ta rufi miliyan 2 da rabi, a kuma sa sunanta a fim ɗin a matsayin mai tushen labarin. Shi Kohli ya musanta cewa ya kwaikwayi aikinta. Amma ita tana da abu biyu a hannu: takardar da ta nuna rubutun ya wanzu tun 2010, da kuma saƙon da ya nuna ya isa hannunsa. Duk wata shari’ar satar labari a kan waɗannan abubuwa biyu take juyawa, wato wa ya riga rubutawa, kuma shin wanda ake zargi ya taɓa ganin rubutun?

Mu a nan gida akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wato NCC, wadda take karɓar rajistar ayyuka ta intanet. Za ka cika bayananka, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka ba da kwafin aikin, su ba ka takardar shaida. Kamar yadda na faɗa, ba wannan takarda ce take ba ka haƙƙin ba, amfaninta shi ne ranar da aka shiga gardama kana da hukumar gwamnati da za ta ce a rana kaza wannan rubutu yana hannunmu da sunan wane. Wanda bai samu ikon yin haka ba, aƙalla ya aika wa kansa da rubutun ta imel, ya kuma aika wa mutum biyu da ya amince da su, ko ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ya haɗa da kwafi. Dokar shaida ta 2011 ta amince kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, idan an cika sharuɗɗanta. Tsohuwar dabarar nan ta sa rubutu a ambulan ka aika wa kanka ta gidan waya, ban ba ta ƙarfi ba, domin ambulan ana iya buɗe shi a sake liƙewa, kuma lauyan ɗaya ɓangaren abin da zai fara faɗa ke nan. Haka nan kada ka yar da tsofaffin takardun da ka fara zayyana labarin a kai, masu goge-goge da gyare-gyare. Ɓarawo yana iya samun kammalallen rubutu, amma ba zai iya nuna yadda labarin ya yi rarrafe kafin ya miƙe ba.

Wata ’yar magana ga ’yan uwanmu mata, waɗanda su ne suka fi yawa a fagen rubutun intanet, kuma da yawansu da laƙabi suke rubutu, Maman wance ko Ummu wane. Babu laifi a laƙabi, kowa da dalilinsa. Amma a shari’a ana ɗaukar sunan da ke jikin aiki a matsayin na marubucinsa har sai an kawo hujjar akasin haka, don haka a kwafin da za ki ba wa ɗan fim, da wanda za ki yi wa rajista, ki sa cikakken sunanki tare da laƙabin. Kuma ki sani, littafin da kike saki shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad bai zama na kowa da kowa ba don kawai kin bari a karanta kyauta. Ikon mayar da shi fim naki ne, sai da izininki.

Kada kuma a rikita rajistar haƙƙin mallaka da ta Hukumar Tace Finafinai da Ɗab’i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Aikin waccan shi ne duba ko abin da za a fitar ya dace da tarbiyya da dokokin jiha. Shari’ar haƙƙin mallaka kuwa ta tarayya ce, Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron ta.

Yanzu mu zo ga inda na fi so mu daɗe, wato yarjejeniya a rubuce, domin ko ka tara takardun rajista cike da akwati, ba su ne za su sa a biya ka ba. A Amurka an yi wata shari’a da ta shahara. Art Buchwald, wani marubucin barkwanci a jaridu, ya rubuta ɗan taƙaitaccen labari a 1982 a kan wani basaraken Afirka da ya je Amurka. A 1983 kamfanin Paramount ya ƙulla yarjejeniya da shi cewa idan aka yi fim da aka gina a kan labarinsa za a biya shi. Aka yi ta jan ƙafa, daga baya kamfanin ya ce ya fasa. Sai ga Coming to America ya fito a 1988, Eddie Murphy ya fito a matsayin yariman wata ƙasar Afirka, aka kuma rubuta cewa labarin na Murphy ne. Buchwald ya kai ƙara, kuma abin lura shi ne bai kai ƙarar satar fasaha ba, ƙarar saɓa alkawari ya kai, domin labarinsa gajere ne, da wuya ya ci nasara ta waccan hanya. A 1990 kotu a Kaliforniya ta ce lallai a kan labarinsa aka gina fim ɗin. ’Yar takardar da aka sa wa hannu a 1983 ita ce ta cece shi.

Amma tsaya ka ji sauran. Yarjejeniyar ta ce za a ba su wani kaso daga cikin ribar fim ɗin. Da aka zo lissafi, sai kamfanin ya ce ai fim ɗin bai ci riba ba, alhali ya tara kusan dala miliyan 288 a duniya! Sai da alƙali ya yi watsi da wannan salon lissafi, a 1992 ya yanke a ba Buchwald da abokin aikinsa furodusa Alain Bernheim dala 900,000, wanda a ciki rabon marubucin dala 150,000 ne kacal. To idan kamfani mai akawu-akawu da littattafan ajiya zai iya cewa dala miliyan 288 ba ta haifar da riba ba, ina ga wanda ya ce maka, “Bari fim ya fita, in ya yi kasuwa za mu sallame ka”? Wa zai ƙirga kasuwar? A zamanin kaset da faifai ma, lokacin da ’yan kasuwar Ƙofar Wambai suke sayen fim, marubuci bai san kwafi nawa aka buga ba, balle yanzu da kuɗin yake shigowa ta YouTube cikin asusun mutum ɗaya. Shawarata ita ce a yanka farashi tsayayye, a faɗi nawa ne kafin alƙalami, a faɗi ranar da za a cika sauran, kuma ranar ta kasance kafin a fita lokeshan ko ranar da aka fara ɗauka. In za a ƙara da kaso, to ya zama ƙari ne a kan wancan.

Akwai dalilin da ya sa wannan takarda ta zama dole a dokarmu. Idan aka kammala fim, doka tana ɗaukar wanda ya yi ɗawainiyar shirya shi, wato furodusa, a matsayin mai fim ɗin, sai fa idan an rubuta akasin haka. Kai kuma rubutunka naka ne, kuma dokar ta ce sayar da haƙƙin mallaka, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Ka ga ashe takardar ta fi amfanar furodusa mai hankali ma, domin in babu ita, bai mallaki labarin da ya zuba wa miliyoyi ba. A cikinta sai a fayyace: sayarwa aka yi ɗungurungum ko aro ne na fim ɗaya? Idan shekara biyu ta wuce ba a yi fim ɗin ba, labarin zai dawo hannun mai shi? Idan fim ya karɓu aka ce za a yi zango na biyu da na uku, kamar yadda ake yi tun da finafinai masu dogon zango suka kankama bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, wa zai rubuta, kuma nawa? Marubuci yana da ikon mayar da labarin littafi? Yaya za a rubuta sunansa? A kan wannan na ƙarshe, doka ta ba marubuci haƙƙin a danganta masa aikinsa, kuma wannan haƙƙi ba ya bin ciniki, yana nan tare da shi muddin yana raye. Idan kuma ku biyu kuka rubuta, ku fara rubuta taku yarjejeniyar a tsakaninku kafin ku je wurin kowa.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, “Malam, kana magana kamar ba a garin nan kake ba. Ni da nake roƙon a karanta labarina, ni ne zan zaro takarda in ce Alhaji sa hannu? Ai korata zai yi, marubuta ɗari suna layi.” Wannan gaskiya ce, ban raina ta ba. Ko a Amurka manyan kamfanoni ba sa sa hannu a takardar riƙe sirri ga sabon marubuci, da yawansu ma ba sa buɗe rubutun da ba su nema ba, don gudun a ce sun sata. Amma tsakanin zaro takardar lauya da miƙa kaya a duhu akwai hanya. Kana iya aika rubutun ta imel, da ’yan layuka cikin ladabi: ranka ya daɗe, ga labarin da muka yi magana, na aiko ne domin ka duba, amana ce a hannunka, idan ya yi maka sai mu zauna mu yi ciniki kafin a yi amfani da shi. Babu wanda zai ji haushin wannan, kuma ka samu rana, ka samu shaidar ya karɓa, ka kuma nuna ba kyauta ka bayar ba. Ka fara da taƙaitawa da ’yan fitowa na farko, sauran sai an zauna. In da baki kuka yi magana, ka koma gida ka tura masa saƙon abin da kuka tattauna. Wanda ya fusata don ka nemi a rubuta, ya riga ya gaya maka irin cinikin da yake nufin yi da kai.

Ita kuma kunyar da ke hana mu, ban san inda muka samo ta ba. Mun ɗauka neman a rubuta alama ce ta rashin yarda, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur’ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma kuɗin rubutun da aka ce sai nan gaba za a biya ai bashi ne. Mai sayen fili ba ya jin kunyar neman takarda ko da daga hannun ƙanin mahaifinsa ne. Ko rasuwa aka yi, takardar ce za ta raba magadan marubuci da na furodusa faɗa.

Sai dai fa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Masana’antar da ta daɗe tana wankiyar finafinan Indiya, a ɗauko labari da waƙa a sauya musu riga, ba abin mamaki ba ne idan ta raina haƙƙin marubucin gida. Kuma mu marubuta ba mu fita daga wannan zargi ba. Wanda ya kalli fim ɗin Indiya ko na Koriya ya juye shi zuwa Hausa, ya je ya yi masa rajista, takardar ba za ta wanke shi ba, domin doka tana kare abin da mutum ya ƙirƙira ne da kansa. Ranar da ya kai ƙara, lauyan wancan ɓangaren zai kunna wa alƙali asalin fim ɗin ne kawai, a tashi.

Shari’a a Babbar Kotun Tarayya tana cin kuɗi da shekaru, kuma marubucin da ake bi dubu ɗari biyu ba zai ɗauki lauyan miliyan ba. Don haka nake ganin aikin yana wuyan ƙungiyoyinmu, na marubuta irin su ANA da na masu shirya fim irin su MOPPAN. Abin da ya taimaki Jyoti Kapoor tun kafin ta taka kotu shi ne ƙungiyar da ke da rajista da kwamitin sasanci. Babu abin da zai hana a buɗe irin wannan a Kano da Kaduna da Sakkwato: littafi guda da hatimi, mutum ya kawo rubutunsa a buga masa rana a kowane shafi, a ajiye kwafi, sannan a samu lauya ɗaya ya tsara takardar yarjejeniya da Hausa, shafi biyu, wadda kowane marubuci zai iya bugawa ya tafi da ita ofishin furodusa.